Masu Dubiyar Malam Gwadabe

Turai ta ɗora ƙafar mijinta a cinya tana murza ta da man zafi, ƙafar kuwa sanyi ƙalau kamar gindin randa. Malam Gwadabe, telan da duk Gwammaja ta san ƙarar kekensa, ya cije leɓe yana tsokanarta, wai hannun nan nata dakan sakwara ya dace da shi. Ta yi dariya, amma idonta na kan ƙafar. Babban yatsan hagu ya fara baƙi.

A shekarar da soja suka koma bariki ne likita ya zaunar da su ya yi musu bayani dalla-dalla. Jini ne ba ya sauka ƙafafun sosai. Akwai wata jijiya a gefen ƙashin baya mai matse hanyoyin jinin, da siririyar allura za a kashe kaifinta, ba yanka ba ɗinki. Ya roƙe su kada su ɓata lokaci.

Da niyyar komawa asibiti suka iso gida, sai suka tarar masu dubiya sun cika zaure.

Kai, mutanenmu! Kowa ya yi sallama ya zama likita. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce sammu ya taka. Yayar Malam, Hajiya 'Yardada, ta rantse akwai wanda aka yi wa allura a baya bai ƙara takawa ba. Da aka tambayi sunansa, ta ce a mota ta ji.

"Malam, don Allah mu koma," in ji Turai bayan an watse.

"In koma Yaya ta ce na raina ta? Bari a gwada nasu, uwar gidana, ki kwantar da hankalinki."

Aka kira wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho, wai a zuƙe mataccen jini. Tsagar da ba ta warke ba ke nan.

* * *

Ranar da wari ya hana masu dubiya zama, Turai ba ta nemi shawarar kowa ba, ta sa aka tsayar da tasi. Likita bai yi faɗa ba, ya dai daɗe yana duban ciwon. Allurar ta ceci ƙafar dama. Ta hagu kuwa, daga ƙasan gwiwa aka cire ta.

* * *

Suna dawowa zaure ya sake cika. Hajiya 'Yardada na share hawaye tana cewa ai dama asibiti yanka kawai suka sani. Turai ta kawo musu ruwa, zuciyarta na tafasa.

Ran Juma'a ta goge masa babbar riga, ta shafa masa turare, ta ajiye masa takalma a bakin ƙofa kamar kullum. Sai da ya dogara sanda ya fito ta ga abin da ta yi. Ya yi mata murmushi don kada ta yi kuka, ya zura ƙafa a ɗaya. Ɗayan yana nan a bakin ƙofa har aka sauko daga masallaci.