Tiren da Ya Daina Ƙara

Kwamfutar Baba Sufana ta daina karanta faifai. Tana kunnuwa, allonta na kawo haske, amma da an sa mata faifai sai ta yi ɗan gurnani, 'yar fitilar gabanta ta ƙifta, ta ƙifta, ta yi tsit.

"Sake sawa," in ji tsohon daga kan gado.

Mai Walda ya danna maɓallin. Tiren da ake ɗora faifan a kai ya fito sumul, ya koma sumul. Gurnani, ƙiftawa, shiru.

"Baba, ni ƙarfe nake liƙawa. Wannan ba aikina ba ne."

"Ba gyara na kira ka ba, shaida na kira ka. Ka gani da idonka an yi mini ɓarna a cikin gidana."

Katanga ɗaya ce tsakanin shagon Mai Walda da ɗakin tsohon. Baba Sufana bakanike ne da ya ajiye aiki, sunan ma daga gareji ya biyo shi gida. Tun da ciwon zuciya ya kwantar da shi, duniyarsa ta koma gado, taga, da wannan kwamfutar mai ƙaton akwati a ƙarƙashin tebur, wadda babban ɗansa ya bar masa da zai tafi aiki nesa. Amfaninta ɗaya ne a wurinsa. Akwai wani faifai na wani taro da aka taɓa yi a gidan, marigayiya matarsa na ciki, tana dariya, tana yi masa faɗa don ya shigo gaban baƙi da rigar aiki. Kullum da hantsi sai ya kalla. Mai Walda har ya haddace dariyar ta cikin katanga.

"Wa kake zargi?"

Tsohon ya nuna ƙofa da haɓa. A tsakar gida Auta, ƙaramar 'yarsa, tana wanke masa zanen gado. Ita ce ta bar aikinta ta dawo jinyarsa.

"Da bakinta ta ce wata rana sai ta raba ni da faifan nan. Wai likita ya ce kuka na tayar mini da jini."

Nan ne Mai Walda ya kamata ya kama bakinsa. Bai kama ba. Shi mutum ne da in ya ga abu sai ya faɗa, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba.

"Gaskiya shekaranjiya ta taga na hango ta da tsumma a kan akwatin nan."

"Ka ji ko!"

Auta ta shigo da kofin ruwa da ƙwayoyin magani a tafin hannu, ta dubi Mai Walda.

"Kawu, ƙura na goge. Ƙura kawai. Ko maɓalli ban taɓa ba."

"Ajiye nan," in ji tsohon, bai kalle ta ba, ya juya wajen Mai Walda. "Maƙeri, miƙo mini ruwan."

Daga ranar bai ƙara karɓar kofi daga hannunta ba.

Washegari Mai Walda ya tafi bakin titi ya ɗauko wanda ake kira Injiniya, mai shagon gyaran kwamfuta. Shi kansa bai yarda da mutumin ba. Duk wanda ke aiki da 'yan ƙananan sukurori yana sa tabarau, a wurin Mai Walda abin lura ne. Ya tsaya a kansa kamar mai gadi.

Injiniya ya kashe, ya kunna. Ya duba wayoyin baya. Ya ɗaga faifan a hasken taga yana juya shi.

"Riƙe shi ta gefe!" tsohon ya daka masa tsawa.

"Faifan lafiya lau yake, Baba, ko ƙwarzane babu." Ya ciro wani faifai daga jakarsa ya sa. Shi ma gurnani da shiru. "Ka gani, nawa ma ta ƙi. Matsalar a ciki take. Akwai wani ɗan ido kamar ƙwayar gilashi da ke karantawa. Ko datti ya rufe shi, ko ya mutu. Amma tiren nan naka sabo fil yake tafiya, na tsofaffin nan yawanci ƙara suke."

"Da yana yi. Kamar ƙofar kurkuku. Abina ne, na san yadda nake kula da shi."

"To bari in kwance in duba idon."

Baba Sufana ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Yaro, ni za ka kwance wa inji? Na tsufa a gareji. Na san abin da ake yi in an buɗe bonet mai mota ya tafi shan iska. A cire mai kyau, a sa mai tari."

"A gabanka zan yi, Baba."

"Mu ma a gabansu muke yi."

"To ba ni faifan in kwafe maka shi a shago, ka riƙa kallo ko a waya."

"Faifan nan ba ya ƙetare ƙofar nan. Wa ya turo ka ma? Ita ce?"

Injiniya ya zuge jakarsa. A waje ya ce wa Mai Walda, "Aikin da bai kai shan shayi ba ne. Ku lallashe shi."

Mai Walda bai lallasa ba. Ya ga Auta ta bi Injiniya har bakin ƙofa suna magana ƙasa-ƙasa, abin ya tsaya masa a rai, da yamma kuma ya kai wa tsohon labari.

Abin da Auta da Injiniya suka ƙulla ya fito fili bayan 'yan kwanaki. Auta ta shigo da wata 'yar na'ura baƙa, shafal, mai wayarta, irin wadda ake jonawa daga waje ta karanta faifai.

"Baba, ba sai an buɗe komai ba. Jonawa kawai za a yi, ka ga Inna yanzun nan."

Tsohon ya daɗe yana kallon na'urar. Yana so, kowa ya ga yana so.

"Kin kashe waccan, kin kawo wadda za ta cinye faifan gaba ɗaya."

"Baba, uwata ce fa a ciki."

"Abin da ya fito daga hannunki ba zai taɓa shi ba."

Ya tura faifan ƙarƙashin matashi ya juya fuskarsa bango.

Haka aka ci gaba. Ƙafafunsa suka ƙara kumbura, numfashi ya koma da ƙyar. Mai Walda kan ajiye ƙarfe ya zagayo ya ba shi ruwa da magani, Auta na tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu, ta miƙo, shi ya karɓa ya miƙa. Wanki nata, girki nata, juya shi a gado nata, amma ko sannu. In hantsi ya yi sai tsohon ya ce a kunna. A kunna, a sa faifai, a saurari gurnani, a cire a mayar ƙarƙashin matashi.

Wata safiya Mai Walda na tsaka da yankan bututu ya ji Auta ta kira shi ta kan katanga, murya ba ƙarfi.

"Kawu, zo ka duba Baba."

Ya same shi a yadda ya saba kwanciya, fuska a bango, hannu ɗaya a ƙarƙashin matashi.

Bayan an yi jana'iza, baƙi sun watse, Mai Walda ya kasa zama a shago. Har lokacin bai wanke kowa ba, so yake ya ga ɓarnar da idonsa. Ya sake ɗauko Injiniya.

"Kwance. Ina kallon hannunka."

Injiniya ya cire murfin akwatin, ya zaro gidan faifan, ya kwance sukurorinsa. Yana buɗewa ya ja da baya ya shinshina.

"Wannan ai baƙin mai ne."

Layin da tiren ke bi duk ya jiƙe, man ya fantsama ko'ina, ɗan idon ya yi dumu-dumu.

Mai Walda ya ɗaga kai ya dubi taga. 'Yar butar man nan mai dogon baki tana nan inda take tun farko, kusa da kwalaben magani. Da ita tsohon ke bin duk abin da ya yi ƙara a gidan, daga ƙyauren ƙofa har fanka. Mai Walda ya sha matsar da ita da hannunsa in zai ɗauki kofi.

Injiniya ya naɗa auduga a tsinke, ya goge idon a hankali, ya mayar da komai. Auta ta ɗauko faifan daga ƙarƙashin matashi. Tiren ya shige. Gurnanin ya ɗore wannan karon, sai ga dariyar ta cika ɗakin.

"Dubi rigarka don Allah! Duk abin da ka taɓa sai ka shafa masa mai!"

Auta ta zauna a gefen gadon da babu kowa.

"Kawu, da kake ba shi ruwa, ya taɓa tambayata?"

Mai Walda ya buɗe baki. Bai iya ƙarya ba, gaskiyar kuma a karon farko ta ƙi fita. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙunar da ke bayan hannunsa.

Ba ta sake tambaya ba. Ta ɗauki kofin da ke kan taga, da sauran ruwa a ciki, ta riƙe shi a cinya da hannu biyu. A allo uwarta na ta dariya, ubanta kuma yana goge hannu a rigarsa.