Hoton da Gumsu Ta Ja

Lokacin da aka yanke layukan waya a Maiduguri, wata ƙaramar makaranta a unguwar Hausari ta tsira da kwanon intanet a kan rufinta. Sai shafin intanet na makarantar ya koma gidan waya. Dangin malamai na Kano da Biu can suke leƙawa su san wa ke raye.

Babakura mai kula da shafin ya tattara nasa ya nasa ya yi Abuja, amma sai da ya nuna wa Gumsu sakatariya aikin. A danne hoto, a ja shi, a sake shi a akwatin da ake so. Akwatin ma biyu ne, "Muna Nan Lafiya" da "Ta'aziyya". Gumsu har cika baki take, wai ita ma ta zama injiniya.

Ranar da aka binne Malam Imran, wanda harbi ya rutsa da shi a hanyar Kasuwar Litinin, ta zauna gyara shafin tana kuka. Ta ja hoto, ta saki, janareta ya mutu. Ba ta koma ta duba ba.

Ana nan sai ga wata tsohuwa ta sauko daga keke mai ƙafa uku cikin baƙaƙen kaya, ƙafafu a kumbure saboda tafiya.

"'Yata, ni ce Ladi, uwar Dzarma, daga Biu," ta ce. "Ki nuna mini inda kuka binne shi."

Tsohuwar ba ta rufe baki ba sai ga Malam Dzarma ya fito daga aji, alli a hannu. Tsohuwa ta kwarma ihu, "Yesu!" ta zube a ƙasa. Ɗan ya yar da alli ya rungume ta.

Gumsu ta ruga ta buɗe shafin. Innalillahi! Ga Dzarma a akwatin ta'aziyya. Hoton da ke maƙwabtaka da na mamacin ta ja. Shi kuwa Malam Imran yana nan yana murmushi a cikin masu lafiya. Sai ta tuna ya kai iyalinsa Kano, kuma ba wata hanya da labari zai iske su sai wannan shafin.

Ta miƙa hannu za ta gyara ke nan aka yi sallama. Ƙamshin humra ya riga mai shi shigowa. Siddiƙa ce, matar Imran, da goyo a baya, hannu jajir da sabon lalle.

"Wushe, sannu, Ya Gumsu! Allah ya saka miki. Kullum sai na je kafen intanet na gan shi a shafinki, sannan nake iya barci." Ta gyara goyon tana dariya. "Ban aiko masa ba, so nake ya gan mu kwatsam. Yana wane aji?"