Ƙasusuwan Ah Ngau

Aikina a Larut, inda mu mutanen Sin muka zo ci-rani, tono matattu ne, tun lokacin da ake haƙar kuza da fartanya da kwando. In mutum ya shekara bakwai a kabari, sai danginsa su kira ni, in fito da ƙasusuwansa, in wanke su da giyar shinkafa, in jera su a tulu a zaune, ƙafafu a ƙasa, ƙoƙon kai a sama, a sa shi a jirgi ya koma ƙauyensu a Sin. Wanda aka bari a nan ba shi da mai zuba masa shayi, sai ya yi ta yawo da yunwa a bakin ramuka. Na taɓa samun saiwar itace ta shiga wa wani ta ido ta fita ta kunne, na zauna ina kallonta har shinkafata ta huce.

Ah Loi lebura ne, ɗan ƙabilar Hakka irina. Yayansa Ah Ngau ya mutu a shekarar da muka yi faɗa da 'yan'uwanmu Sinawa, mutanen Kanton, a kan magudanar ruwa, aka binne shi cikin gaggawa a gindin wata tsamiya. Uwarsu ta aiko da wasiƙa, ni na karanta masa ita da ƙyar, cewa ba za ta rufe ido ba sai babban ɗanta ya dawo gida.

Da safe muka fara tono. Ah Loi na riƙe da baƙar lema a kan ramin, don bai kamata rana ta ga mamaci ba. Da ramin ya kai mini ƙugu sai na tarar ba mutum ɗaya ba ne, biyu ne, rungume da juna, yatsun wannan cikin haƙarƙarin wancan, ga guntun adda a tsakaninsu. Gara ta cinye tufafin. Kitson kansu iri ɗaya, tsawonsu ɗaya. Na ce masa gaskiya, ban san wanne ne nasa ba.

Muna nan sai ga wani ƙato ya fito daga ciyawa da adda a hannu. Mak Wai sunansa, ɗan Kanton, mahauci. A shagon shayi ya ji ana tono a gindin tsamiya, shi kuwa an daɗe da gaya masa nan ubansa yake kwance.

"Kawu, ɗauke hannunka daga kan tsohona," in ji shi. "Ba zan bari ɓarayin Hakka su kai shi can su ajiye a ɗakin aladu ba."

Ah Loi ya ce ai da tsohon nasa ya iya faɗa, da bai kwanta a jikin wanda ya sara ba.

Don in raba su, na tuna musu abin da kakanninmu ke yi: ɗan'uwa na jini ya ɗiga jininsa a kan ƙashi, in nasa ne ƙashin zai shanye, in ba nasa ba ne jinin ya gangare. Ah Loi ya ciji yatsansa ya ɗiga a kan ƙashin cinyar mamacin da ke dama. Muna kallo ya nutse. Ya hau dariya yana hawaye, yana kiran Yaya, Yaya.

Mak Wai ya ce shi ma sai ya gwada a kan ƙashin nan ɗin. Ah Loi ya ce jinin kare ba zai taɓa yayansa ba.

Addar Mak Wai ta sauka a gefen kan Ah Loi, kunnen ya faɗo cikin ramin kusa da ƙafata. Ah Loi ya yar da lemar, ya figi fartanyata ya maka wa mahaucin a gwiwa, na ji ƙas. Suka rufto ciki tare, ni na tsallake waje. Suna birgima, haƙarƙarin matattu na karyewa a ƙarƙashinsu kamar kara. Mak Wai ya danna masa babban yatsa a ido. Ah Loi ya lalubo tsatsattsen guntun addar nan, ya luma masa a wuya, ya zare, ya sake lumawa, ya yi ta yi har ƙaton ya daina shure-shure.

Da muka janye gawar, babu na dama babu na hagu, komai ya cakuɗe, rana kuma tana dukansu. Na ɗago ƙashin cinyar da muka gwada. Jinin Mak Wai ya malala a kansa, kuma ya shanye shi tas, kamar yadda ya sha na Ah Loi. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo da idon da ya rage.

Ya roƙe ni in sake dubawa, ko da haƙori ɗaya ne zan gane. Na ce ba zan yi masa ƙarya a kan mamaci ba. Mutanen Kanton kuwa kafin la'asar za su zo neman mahaucinsu.

"To zuba su duka, Kawu."

Ban taɓa jera mutum biyu a tulu ɗaya ba. Ƙoƙon kai biyu ba sa zama, sai da na jingina su kunci da kunci. A kan murfin na rubuta sunan Ah Ngau kaɗai. Ah Loi ya ɗaure kansa da tsumma, ya goya tulun, ya ce kada uwarsu ta taɓa ji, ta zuba shayinta cikin kwanciyar hankali, ko wa ya sha. Ya bi hanyar bakin teku, jini na ɗiga a kan murfin.