Ranar da Aka Zo Yi wa Gidan Baba Kuɗi

…kuma wai kada in yi maka magana, Auta. Haka lauyana ya ce, ko gaisuwa. Ga ka can a ɗaya bencin barandar kotu kana ta latsa waya, kamar ba ni na goya ka ba. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya maka ni a kotu a kan gidan Baba.

Wai na haɗa baki da mai saye an karya wa gidan daraja. Ni? Mutumin da ban taɓa sa shi a ido ba sai ranar sa hannu? Wata huɗu da ciniki mai sayen ya kai takardun gidan zuwa banki, banki ya turo nasa mai kimantawar, ya ce gidan ya ninka abin da muka karɓa. Ka ji labari, ka zo ƙofar ɗakin da nake haya, ko sallama babu — "Yaya, me kika gaya wa mutumin nan?"

Me na gaya masa…

Kai da ka matsa a sayar bayan rasuwar Baba, ranar da aka zo yi wa gidan kuɗi kafin ciniki kana wurin aiki. Ka ce in tsaya in zagaya da mai kimantawa. Ɗan siriri, da tef ɗin awo da takarda a allo, takalmi fes. Na ba shi ruwa. Ya ce, "Gida mai kyau, Mama." Na ce, "Wane kyau, ai duk ya gaji." To me zan ce? Baƙo ya yabi abinka sai ka ce haka ne? Ba haka aka rene mu ba.

Sai na ga ya rubuta. Biro na tafiya.

Na kai shi ɗakin Baba, na janye gado, na nuna masa inda bango ke tsattsafar da ruwa da damina. Shekara shida ina goge wurin nan, ina juya Baba, ina sauya masa zanin gado, kai kuwa sai ran Asabar ka leƙo da ledar lemo, ka ce sannu da ƙoƙari. Na ƙwanƙwasa masa silin. Tsagar ƙarƙashin taga, fenti ya rufe ta, ya wuce bai gani ba — ni na kira shi, na kankare da farce. Har ramin bayan gida na ce yana cika. Yana cika? Sau ɗaya ya taɓa cika, shekarar da ruwa ya yi yawa.

"Mazauniyar gidan ta tabbatar." Haka ya sa a rahoto, wuri bakwai. Lauyanka ya bi kowanne da jan biro.

Fankar barandar nan ba ta aiki. Zufa a bayana. Masinjan kotu ya leƙo… wasu ya kira.

Lauyana ya ce abu ne mai sauƙi. Za su tambaye ni ko da gangan na rage wa gidan daraja, in ce a'a. Shi ke nan. In kuwa alƙali ya yarda da gangan ne, daga kasona za a cike maka giɓin, kuma ba abin da zai saura. Har keken ɗinkin da nake ci da shi. In ce a'a, bayan na yi rantsuwa.

Ban ci ko sisin mai sayen ba, Allah ne shaida. Wannan sau dubu ma zan rantse. Amma ba ita za su tambaya ba.

Don da mai kimantawar ya fita ranar, na rufe ƙofa, na tsaya a tsakar gida… daɗi na ji. Wallahi daɗi. Na ce a raina, to, yanzu in ga wanda zai sayi kango. Na ɗauka in kuɗin ya faɗi warwas za ka ce a fasa, ka ce Yaya ki yi zamanki. Shekara hamsin da biyu a gidan nan, in ka cire biyun da na yi a auren da bai ɗore ba. Ina zan je? Sau nawa na buɗe baki zan ce kar a sayar, ka fara zancen makarantar yara, in haɗiye? Ni babba, in roƙi ƙanena wurin kwana?

Ka ga farashin, ka ja tsaki, ka sa hannu. Ko kwana ba ka yi a kai ba.

Ba wanda zai tambaye ni dalili a ciki. E ko a'a, in ji lauya, kar ki ƙara komai.

Masinja kuma. Mu ne. Ka tashi, ka kakkaɓe riga, ka shige. Ni ina nan zaune. Wata bakwai ina kuka ina cewa ka yi mini ƙazafi, maƙwabta na ba ni haƙuri, ina karɓa…

Da gangan na yi, Auta. Ƙarar taka gaskiya ce.