Jajayen Zomayen Hajo

Hajo ta zo Fatakwal da zomaye a kwando, jajaye ƙanana, irin na garinsu Azare. A bayan ɗakinsu na unguwar Diobu suka hayayyafa. Ba sa saurin girma, amma ba sa ciwo. Ɓawon doya ma ya ishe su.

Mijinta Bubayero mahauci ne a kasuwar Mile One, mahauci kuwa in ya kalli dabba nama yake gani. Shekarar da Turawa ke ɗaure kaya, wani Baturen gona ya bar wa kukunsa ƙaton farin zomo namiji. Bubayero ya karɓo shi a wurin kukun.

"Ga ango na kawo wa 'yan matanki."

"Malam, wannan zomo ne ko ɗan akuya?"

"Ke dai zuba ido."

Haihuwar farko ta ba shi gaskiya. 'Ya'yan suka fito ruwa-biyu, ana yaye su sun kusa kamo uwayensu. Mahauta suka riƙa zuwa kallo, kowa ya ɗaga ya jinjina, ya ce kai! A garke, in an sami babban bijimi, ƙanana sai wuƙa. Haka Bubayero ya gada. Hajo na gidan suna ya yanka jajayen maza duka.

"Ko ɗaya ba ka bar mini ba?"

"Me za ki yi da ɓeraye? Zo ki ci nama."

Da damina ta kankama, laima ta kashe farin. 'Ya'yansa suka barbari juna, wa da ƙanwa. Jikokin suka fito babu tsari: wani ya girma, wani ya tsumbure, zawo kuma ya fara da manyan. Mahauta suka daina zuwa. Bubayero ya ce abincin ne, daga baya ya ce baki ne.

Cikin jajayen mata ɗaya ta rage, tsohuwa, haihuwarta ta kusa ƙarewa. Hajo ta je wurin Arzika, mai kawo shanu daga Arewa a jirgin ƙasa.

"Baba, don Allah in za ka dawo ka taho mini da zomo namiji. Ja, ƙarami, irin na gida."

"Zomo a taragon shanu? To, 'yata, an gama."

Sai bayan Sallah ya dawo. Ya buɗe kwando yana murmushi. Fari ne.

"Can ma yanzu su ake yayi, malaman gona sun rarraba. Na ga jajayen, na ce ba zan kunyata ki ba. Mafi girma na zaɓo."

Hajo ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu.

"Allah ya saka da alheri, Baba."