Gobarar Cikin Tabarau

Tun ranar da masu furoje, wato wani shirin tallafi, suka damƙa wa Mushe Nassirou tabarau ɗin nan, garin Magariya ya yi masa kaɗan. Malamin gini ne a santir ɗin koyon sana'a, amma sai ka rantse shi ya ƙera abin. Wani ƙaton tabarau ne, kamar an kifa maka akushi a fuska. In ka sa, sai ka gan ka cikin bene wuta na ci, ka koyi fita da kashe ta.

Burinsa ɗaya ne: shugabar furojen, Madam Ruma'isa, ta ga aikinsa ta ɗauke shi zuwa biro, wato ofishinsu na Damagaram. Har ya fara yi wa abokan aiki kallon bankwana.

Ranar da ta zo, ya jera ordinater, wato kwamfuta, da tabarau a rumfar zana, ya kori 'yan unguwa masu leƙe. "Ku ba mu wuri, wannan ba abin ƙauyawa ba ne." Ko ya gaya musu me za a yi? Ina! Ya zaɓi Ilyasu, wani ƙaton ɗalibi daga Dungas mai murya kamar ganga, ya ɗaura masa tabarau.

"Duk abin da za ka yi in wutar gaske ce, shi za ka yi. Kada ka ba ni kunya."

To, me mutumin Dungas zai yi in ya ga wuta ta zagaye shi? Kururuwa mana!

"Gobara! Wayyo jama'a, a kawo ɗauki!"

A nan kuwa ba a tsayawa neman hayaƙi. Mata suka ɓullo da bokitai, maza da shebur. Wasu suka hau yaye zanar rumfa kada wuta ta tsallaka dangar maƙwabta. Nassirou na ɗaga hannu, "Ku tsaya! Ta ƙarya ce!" Wa ya ji shi? Kande mai abinci ta hango jan wuta a gilashin ordinater, ta sheƙa masa ruwan wanke-wanke. Wani ya bi da yashi. Ilyasu ma, da tabaransa, ya sha bokiti guda.

Kande ta goge hannu a zane. "Alhamdu lillahi, mun kashe ta tun ba ta fito ba."

Madam Ruma'isa ta tsamo tabarau daga cikin taɓo da yatsu biyu, ta miƙa wa direbanta.

"Mushe," in ji ta, "kada ka wahalar da kanka da zancen Damagaram. Maƙwabtan bironmu sun fi waɗannan yawa."

Mota ta tashi ta bar shi tsaye, ƙanzon tuwo manne a kafaɗar kwat.