Tsayin Dogo a Zaune

Sakataren ƙungiyar sufuri ta unguwa mutum ne mai takarda. Shekara talatin ya yi a gidan waya yana buga hatimi kafin ya yi ritaya, ko rasit ɗin man mota bai taɓa ɓata a hannunsa ba. To irin wannan mutumin ne ya tafka kuskuren da har yau bai yafe wa kansa ba. Kuma ba mantuwa ce ta sa shi ba. Da mantuwa ce ai da sauƙi.

Ƙungiyar tasu ba wata babba ba ce. Ɗaki ɗaya ne a bayan kantin magani, da tebur, da benci biyu, da wata tsohuwar bas mai kai tsofaffi da marasa lafiya asibiti ta dawo da su. Wanda ya ja bas ɗin shekara goma sha ɗaya yayan Sakatare ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa Dogo yake ce masa. Sunan bai yi ƙarya ba, don ko ƙofar ofis sai ya sunkuya yake shiga. Shi ne mai ɗaukar tsoho cak ya ɗora a kujera yana tsokanarsa, wai ya rage cin abinci.

Sai ga shi rana ɗaya ɓarin jikinsa ya shanye, mai ɗauka ya koma abin ɗauka. Da farko yana zuwa asibiti gashin gaɓoɓi duk Talata, maza huɗu ke ciccibarsa daga kekensa su cusa shi a bas. Wata Talata suna cikin ciccibar wandonsa ya zame a gaban matan layin. Ba wanda ya yi dariya, amma tun daga ranar Dogo ya rantse ba mai sake ɗaukarsa. Da bakinsa da ya karkace ya ce shi ba buhu ba ne. Likita kuwa ta yi gargaɗi cewa hannun nan da ya fara motsi, in aka daina gashi, zai ƙage ya zauna haka.

Saboda shi Sakatare ya tashi haiƙan neman mota mai ɗaukar mutum da kekensa, irin mai faffaɗan ƙarfe a ƙofar baya da ke saukowa ƙasa ya ɗaga mutum sama, wanda ake ce wa lif. Wata bakwai yana rubuta wasiƙu. Hoton Dogo, wanda matarsa ta turo masa a waya, shi ya manna a shafin farko. Wata gidauniya ta amince ta ba da kashi biyu cikin uku, mutanen unguwa suka haɗa sauran, har mai kantin magani da aka san hannunsa da maƙo sai da ya saki.

Nan kamfanin da ke gyara motocin ya aiko da fom. A layi na tara an rubuta: tsayin fasinjan da ya fi kowa tsayi, yana zaune cikin kekensa, daga ƙasa zuwa tsakar kai. Da wannan awon za su san irin rufin da za su sa wa motar, gajere ko dogo.

Sakatare ya ari tef ɗin awo wajen telan da ke makwabtaka da su, ya sa a aljihu, ya kama hanyar gidan yayansa. Tafiyar minti goma ce. Ya isa har bakin ƙofa, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai ya jiyo muryar matar Dogo ta taga tana cewa, "Buɗe bakin mana, saura cokali biyu." Ya ji tari ya sarƙe yayansa, ya ji wani sauti da ba magana ba, ba kuma kuka ba. Hannun nan ya sauko da kansa.

Gaskiyar magana, rabonsa da shiga ɗakin wata shida ke nan. Yana aika sabulu, yana aika magani, yana buga waya ya gaishe da matar ya ce a gaida Yaya. Amma ya zauna ya kalli mutumin da ya goya shi zuwa makaranta ana goge masa miyau da tawul, wallahi ya kasa. Wasiƙun nan da yake ta rubutawa, rabi don Dogo ne, rabi don ya samu abin cewa in an tambaye shi me ya hana shi leƙowa.

Ya juyo ofis. A bayan kabad akwai wani keke da aka ba su sadaka, a naɗe. Ya buɗe shi, ya kakkaɓe, ya zauna a ciki, ya miƙa wa Ma'ajin ƙungiya tef.

"Auna ni."

Ma'aji ya dube shi sama da ƙasa, abin da ba ya ɗaukar lokaci, don Sakatare gajere ne na ajin farko. "Kai za a auna? Ba Dogo ba?"

"Ba ya jin daɗi yau. Kuma gobe za a rufe karɓar fom."

"To, ai in an zauna kowa ɗaya ne," in ji Ma'aji, wanda bai taɓa auna komai ba sai sukarin shayinsa.

Santimita ɗari da ashirin da huɗu tef ya nuna. Sakatare ya ƙara shida don zuciyarsa ta bar shi ya yi barci, ya rubuta ɗari da talatin, ya sa hannu, ya buga hatimin ƙungiya. Rubutun ya fita tsaf, kamar kullum.

Ranar da motar ta iso, unguwa ta fito. Fara ce sol, kujerun ma ba a cire musu leda ba. Shugaban ƙungiya ya yi jawabi mai tsawo, ya ambaci Sakatare sau biyar. Wakiliyar gidauniya, wata mace mai tabarau da fayil a hammata, ta ce abin da ya fi dacewa shi ne wanda hotonsa ke kan takardar ya fara shiga.

Matar Dogo ta turo shi ta cikin jama'a. An yi masa aski, an sa masa fararen kaya masu guga. Sakatare na ganin keken ya san an samu matsala. Ba irin na bayan kabad ba ne. Ashe mai walda ya ɗaga masa mazauni don ƙafafun Dogo na jan ƙasa, an kuma ɗora katifa mai kauri, an ƙera wani marikin kai a baya saboda wuyan ba ya tsayawa da kansa. Duk unguwa ta san da wannan sai ƙaninsa.

Sabon direba ya danna maɓalli, lif ya sauko. Aka gangara da keken kai, lif ya fara tashi a hankali yana ƙara ɗin-ɗin-ɗin, mutane na tafi. Dogo na murmushi da ɓarin bakin da ke aiki. Lif ya tsaya daidai da daɓen motar. Direba ya tura keken gaba, sai ya ja birki da sauri. Ƙarfen saman ƙofar yana daidai girar Dogo.

Tafin ya mutu. Wani ya ce ya ɗan sunkuya mana. Matar ta ce, "Da yana iya sunkuyawa da kun gan mu a nan?" Direba ya gwada kwantar da keken baya, wakiliyar ta ce a'a, ko ya shiga rufin ciki ba zai bar shi ya zauna a miƙe ba, kuma ba a ɗaure keke a karkace. Sai wani mai baki da sauri ya ce a ɗauke shi kawai a sa a kujera, ai hoto za a yi.

Dogo na can sama, kowa na kallonsa. Ya motsa baki da ƙyar. "Ku... sauke ni."

Lif ya dawo ƙasa da irin ƙarar da ya tashi da ita. Kai, Sakatare bai taɓa jin abin da ya daɗe kamar saukar nan ba.

Shugaba ya fara faɗa, wai kamfanonin yanzu ba su da amana, an ba su kuɗin marayu sun kawo akwati. Mutane suka ɗauka. Ma'aji ya duƙufa yana kallon takalminsa. Sakatare ya bar su suna ta zagin kamfani. Yana tsaye matar Dogo ta juya keken, suka bi layi su biyu, fararen kayan na ta haske a rana.

Abin da ya fi ci masa rai, motar ta yi aiki. Tsohuwar malamar makaranta ta shiga da kekenta lafiya lau. Mai gyaran agogon da aka yanke wa ƙafa ya shiga har yana ɗaga wa mutane hannu. Mutum biyar da suka shekara a ɗaka suka fara fita. Duk inda Sakatare ya bi sai sa albarka, wata tsohuwa har riƙe hannunsa ta yi tana hawaye. Kowace albarka kamar an ɗora masa bulo a ƙirji. Ranar Talata motar takan wuce ta bakin layin su Dogo ba ta tsaya ba.

Shugaba ya ce wa Sakatare ya rubuta wa kamfanin wasiƙa mai zafi. Kwana uku yana zama gaban takarda, ga kwafin fom ɗin a fayil, ga ɗari da talatin da rubutun hannunsa. Rana ta huɗu ya ɗauki waya ya kira wakiliyar gidauniya ya faɗa mata komai, har da keken bayan kabad. Ta ce ana iya ɗaga rufi da ƙofa, amma aiki ne mai tsada, sai an sake nema a zagaye na gaba, wata tara nan gaba. Za a haɗa da takardar da ke bayyana wanda ya yi kuskuren, da awo na gaskiya.

Wata tara! Hannun da likita ta yi magana a kai ba zai jira wata tara ba, ya sani.

Ya sake aron tef. Wannan karon ya ƙwanƙwasa kafin hannun ya yi shawara. Matar Dogo ta buɗe, hannunta duk kumfar wanki.

"A'a, Auta! Ɓatan hanya ka yi, ko wayarka ce ta lalace?"

Shekararsa hamsin da takwas, amma a gidan nan Auta ne. Ya sunkuyar da kai ya shiga. Ɗakin na warin man zafi. Dogo na zaune a kekensa kusa da taga, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, hannun damansa a kan cinya, yatsun sun fara lanƙwashewa ciki. Sakatare ya durƙusa a gabansa, idonsa a kan yatsun.

"Yaya, ba laifin kamfani ba ne. Ni ne. An ce a auna ka, na zo har ƙofar nan na koma. Kaina na auna."

Matar ta tsaya cak da tawul a hannu. "Kanka? Kai ɗin nan?" Ta yi wata dariya marar daɗi. "Innalillahi. Mutumin da ko gadon gidan nan sai ya yi tsalle yake hawa! Auta, ka san sau nawa na goge fararen kayan nan? Ka san tun asuba ya sa na shirya shi?" Ta fita tsakar gida, aka ji ta tana dukan wanki da ƙarfin da wankin bai nema ba.

Dogo ya daɗe yana kallonsa. Miyau ya taru a gefen bakinsa, ya fara gangarowa. Sakatare ya duba, babu kowa, ga tawul a hannun kujera. Ya ɗauka ya goge masa. Bai fi ƙiftawar ido ba. Abin da ya yi wata da watanni yana gudu ke nan, kuma sauƙinsa ne ya sa shi kuka.

"Ka... tsufa," in ji Dogo.

"Na tsufa, Yaya."

"Har... furfura. Ban... gani ba."

Sakatare ya share fuska da hannun riga, ya ciro tef ya ce an ce a kawo awo na gaskiya. Ya taka bakin tef ɗin da ƙafa a ƙasa, ya ja shi sama ta gefen taya, ta kafaɗa, ta kunne, har ya ɗora tafin hannunsa a tsakar kan yayansa. Kan da ɗumi. Ɗari da hamsin da ɗaya. Tef ya suɓuce masa ya faɗi, ya sunkuya da sauri yana ba da haƙuri, yana cewa yanzu zai gama, ba zai ɓata masa lokaci ba.

Hannun hagun Dogo, mai lafiyar, ya kamo masa riga.

"Auna... a hankali, Auta. Ba inda... zan je."